SA HANNUN MALAMI SHAIDA CE: NASIHA KAN AMANA A MAKARANTUN JINYA DA UNGOZOMANCI



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗora mana amana kuma zai tambaye mu a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Amintacce, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa, nasihar yau a kan wasu bayin Allah ce da ba kasafai ake tunawa da su a wa'azi ba. Mu a nan idan aka ce "malaman jinya", nas-nas ɗin asibiti ake nufi. To yau malamansu nake nufi, wato waɗanda ke koyarwa a makarantun jinya da na ungozomanci, su bi ɗalibai har ɗakin marasa lafiya da ɗakin haihuwa, daga ƙarshe su sa hannu cewa wane ya iya, wance ta iya.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo daga wani ƙauye a nan ƙasar Minjibir ya tare ni a ƙofar masallaci. Mutumin kirki ne, na san shi shekara da shekaru. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Malam, alfarma na zo nema."

'Yarsa ce take karatun ungozomanci. An yi jarrabawar gwaji, irin wadda ɗaliba ke yin aikin da hannunta a gaban malamai, ba ta ci ba, malamar kuma ta ƙi sa mata hannu. Ya ji labarin malamar tana ganin girmana. Ya ce: "Malam, tumakina biyu na sayar da buhunan gero kafin na kai yarinyar nan inda take. Kalma ɗaya kawai za ka yi mata."

Wallahi na tausaya masa. Duk wanda ya san yadda manomi ke haɗa kuɗin makaranta daga 'yar gonar da ba ta taka kara ta karya ba, dole ya tausaya. Amma sai na ce: "Baba, akwai mai juna biyu a gidanka?" Ya ce akwai, matar ɗansa, wata bakwai. Na ce: "Idan naƙuda ta kama ta da ƙarfe biyun dare, kuka kai ta asibiti, wani ya raɗa maka cewa ungozomar da ke bakin aiki da alfarma ta ci jarrabawa, za ka bar ta a hannunta?" Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "Allah Ya kiyaye."

Washegari na kira malamar don in ji ta bakinta. Ta ce: "Malam, kai ne na huɗu da aka turo mini a kan yarinyar nan. Tana da hankali, tana da ladabi. Amma har yanzu ba ta iya auna hawan jini daidai ba, kuma na tambaye ta alamomin da ke zuwa kafin jijjiga ta kasa kawowa. Ta ƙara 'yan watanni, za ta iya." Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni barci. Ta ce: "Kiran waya ba ya damuna. Abin da ke damuna, idan aka tsallake ni aka je sama, ban sani ba ko za a tsaya mini."

Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Domin amanar nan fuska biyu gare ta: akwai wadda ke wuyan malami, akwai kuma wadda malami ke bin shugabanninsa da abokan aikinsa da mu jama'ar gari.

WA KE ƘARSHEN WANNAN SA HANNU?

Makarantun nan ba nesa suke da mu ba. Akwai makarantar ungozomanci a Dambatta, akwai ta ƙarin ilimin ungozomanci a Gezawa, duk maƙwabtanmu ne. Akwai makarantar jinya a Madobi da ta cikin birnin Kano, ga ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga sashen karatun jinya na Jami'ar Bayero. Waɗanda suka fito daga nan su ne za ka tarar a babban asibitin Minjibir, da ƙananan asibitocin Kunya da Wasai da Kantama da sauran garuruwanmu.

A asibitin koyarwa na birni, idan sabuwar ma'aikaciya ta yi kuskure, akwai manya a kanta da za su gyara. A ƙaramin asibitin ƙauye kuwa, da daddare, sau da yawa ita kaɗai ce. Babu likita, wataƙila babu wuta, motar da za ta kai mace Asibitin Murtala sai an nemo. Abin da malaminta ya zuba mata a ka da hannu, shi kaɗai ne jarinta a wannan dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Mun yi imani ajali na Allah ne, babu mai ƙara shi babu mai rage shi. Amma Shi ne kuma Ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma zai tambayi wanda ya yi sakaci.

Ga misalin yadda koyarwa ke tsayawa tsakanin mace da kabari. Zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Cikin jagororinsa akwai 'yar jiharmu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Me aka yi? Maimakon a riƙa kintatar jinin da ido, sai a shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara shi, a san iya abin da ya zuba. Da zarar ya kai haddi, sai a haɗa matakan ceto gaba ɗaya ba tare da jira ba: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da dubawa a gano inda jinin ke fitowa. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kusan kashi 60 cikin 100. Kun gani? Magungunan da ma an san su. Abin da ya canza shi ne an koya wa ungozomomi su gane da wuri, su kuma yi aiki da sauri.

Haka jijjiga. Akwai allurar da ake yi mata, amma mai yin ta dole ta san adadi, ta riƙa lura da numfashin mara lafiya da yawan fitsarinta da motsin gwiwarta, don idan maganin ya yi yawa a jiki shi ma haɗari ne. Wanda ya sa hannu cewa ɗaliba ta san wannan alhali ba ta sani ba, me ya yi ke nan?

Mu manoma ne, mun san sha'anin iri. Wanda ya sayar maka da ruɓaɓɓen tumatir, a take za ka gani ka mayar masa. Wanda ya sayar maka da mataccen iri kuwa, ba za ka sani ba sai ruwa ya sauka, ka shuka, ka jira, maƙwabta gonarsu ta yi kore taka tana nan fayau, lokacin shuka kuma ya wuce. Malamin makarantar jinya mai ajiyar iri ne. Ha'incinsa ba ya bayyana a aji, sai bayan shekaru, a jikin wata baiwar Allah da bai taɓa gani ba.

SA HANNU SHAIDA CE

Mutane da yawa suna ɗauka shaidar zur sai a gaban alƙali. A'a. Duk inda ka tabbatar da abin da ka san ba haka yake ba, don a gina hukunci a kansa, ka yi shaidar zur. Makin jarrabawa shaida ce. Littafin da ake sa wa ɗaliba hannu cewa ta karɓi haihuwa kaza, ta yi allura kaza, shaida ce. Takardar da makaranta ke aika wa Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, wadda aka kafa a shekarar 1979 kuma ita ke ba da lasisi, ita ma shaida ce. Hukumar nan ba ta kwana da ɗalibai a ɗakin haihuwa ba. Da idon malami take gani.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata (RA) cewa wata rana Annabi (SAW) yana lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe. Ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. A tsakiyar waɗannan zunubai ake son jefa malama da sunan alfarma.

A aya ta 58 ta Suratun Nisa'i Allah Ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita, da yin adalci idan za mu yi hukunci tsakanin mutane. Malamai sun ce muƙamai da ayyuka suna cikin wannan amana. Bukhari kuma ya ruwaito cewa wani baƙauye ya tambayi Annabi (SAW) game da tashin alƙiyama, sai ya nuna masa cewa alamarta tozarta amana, tozarta amana kuwa shi ne a danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba. Rigar nas muƙami ce. Makullin ɗakin haihuwa muƙami ne.

A hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, an nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, idan ya yi ɓarna ramuwa na kansa. To ina ga wanda ya buɗe masa ƙofar, ya kuma ba shi takarda?

Magabata ba su yi wasa da wannan ba. A Bagadaza, shekara ta 319 bayan hijira, wato 931 miladiyya, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani. Sai ya hana kowa yin aikin likita har sai babban likita Sinanu ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi izini. Masu tarihi sun ce an jarraba mutum fiye da 860. Rai ɗaya ne ya jawo haka.

A zamaninmu ma mun ga abin da ke faruwa idan shaida ta lalace. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka tona yadda aka sayar da takardun shaidar karatun jinya na bogi fiye da 7,600 ta hannun wasu makarantu uku a jihar Fulorida. A wannan shekarar dai, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a Birtaniya ta ce ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan. Mutum fiye da 700 aka zarga, amma kusan 2,000 aka soke wa sakamako, har da waɗanda ba a zarge su da komai ba. Ka ga yadda wake ɗaya ke ɓata gari.

AMANAR DA KE WUYANKA, MALAM, DA KE, MALAMA

Na farko, lokaci. Awannin da aka ɗauke ka aiki a kansu an saya ne, ba naka ba ne. Malamin da zai shiga aji sau uku a zango, sauran ranakun yana kemis ɗinsa ko asibitinsa na kuɗi, ranar ƙarshe ya zo ya karanto wa ɗalibai inda tambayoyi za su fito, ya sani tauye mudu yake yi. Farkon Suratul Muɗaffifina a kan masu karɓa a cike su bayar a tauye ya sauka, kuma ba 'yan kasuwar hatsi kaɗai ya shafa ba.

Na biyu, bin ɗalibai asibiti. Ba a koyon karɓar haihuwa a kan allo. Idan aka tura ɗalibai aikin gwaji, malami bai leƙa ba ko sau ɗaya, ƙarshen wata aka kawo masa littattafai tuli ya bi su da sa hannu yana hira, wannan ya shaidi abin da bai gani ba.

Na uku, sabunta ilimi. Abin da aka koya maka shekara ashirin da suka wuce, an gyara wani, an bar wani. Diyar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki, siffa biyu ta ambata kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas: ƙarfi da amana. Ƙarfin malami iliminsa ne. Mutumin kirki da ke koyar da abin da aka daina, da kyakkyawar niyya zai yi ɓarna.

Na huɗu, hannu. Tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi, wanda bai saya ba ya ga sakamako a makinsa, cin dukiyar mutane ne da ɓarna. "Kyautar" da ke zuwa daf da jarrabawa kuwa, ku tuna ƙissar Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko za a kawo masa. Kai ma tambayi kanka: ba don jan biron nan da ke hannuna ba, da wannan shadda ta zo?

Na biyar, kuma mafi nauyi, mutuncin 'ya'yan mutane. Mafi yawan ɗaliban nan mata ne. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri da tallafin Birtaniya a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, aka riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a ba su shekarar share fage, su shiga makarantun lafiya, su koma su yi wa garuruwansu aiki. Kafin iyaye da mazaje su saki 'ya'yansu da matansu, sai da aka sha zama da masu gari da limamai. Amincewar nan da ƙyar aka same ta. Malami ɗaya mara tsoron Allah da zai nemi ɗaliba da lalata don maki, ya isa ya rufe wa ƙauye guda ƙofar karatu na shekara ashirin. Ka ji tsoron Allah. Diyar wani ce, amana ce aka ba ka.

Akwai kuma darasin da ba ya cikin manhaja. Yadda malama ke yi wa mai naƙuda magana a gaban ɗalibai, haka su ma za su yi. Idan ta daka wa baƙauya tsawa, ta yi mata gori, ta yaye ta a gaban mutane babu sutura, ta yaye ɗalibai arba'in masu irin wannan hali. Da yawa cikin matanmu ba tsada ce kaɗai ke hana su haihuwa a asibiti ba, har da tsoron wulaƙanci.

AMANAR DA MALAMI KE BI

Yanzu bari mu juyo. Zalunci ne a ɗora wa malami duk wannan nauyi a kuma bar shi shi kaɗai.

Ku shugabannin makarantu da na ma'aikatu, maganar malamar nan a kanku take: "ban sani ba ko za a tsaya mini." Ma'aikacin da bai amince cewa shugabansa zai kare shi a kan gaskiya ba, a hankali zai daina gaskiyar. Yau ya kayar da ɗan wani babba, gobe ya ga an canza makin a ofis ba da saninsa ba, jibi ya ji an yi masa canjin wurin aiki. Abokan aikinsa suna kallo. Darasin da suka ɗauka shi ne: kowa ya wuce, a zauna lafiya. Daga ranar makaranta ta mutu, ko da gini yana tsaye da sabon fenti.

Amana tana nufin idan ka ba mutum aiki ka ba shi kayan aiki. Kada a ɗebo ɗalibai fiye da adadin da hukuma ta yarje, saboda kuɗin fom da kujerun manya, a tula wa malamai 'yan ƙalilan, sannan a ce ba sa ƙoƙari. Kada ɗakin gwaji ya zama sai ranar da masu duba makaranta za su zo ake aro masa kaya daga wani wuri, a kuma aro sunayen malamai. Wannan shi ne tarin abincin da Annabi (SAW) ya cusa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya barranta daga mai ha'inci, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Amana tana nufin haƙƙi a kan kari. Bukhari ya ruwaito hadisin Ƙudusi a kan mutum uku da Allah da kanSa zai yi jayayya da su ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Albashi, alawus, ƙarin girma, tura ƙaro ilimi, duk a bi cancanta, kada ya zama sai ɗan ɗaki. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya ta ƙasa ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Idan ƙwararru suna fita haka, waɗanda suka zauna suna koyar da 'ya'yanmu a kan ɗan abin da ake ba su sun cancanci a riƙe su da daraja.

Amma kada a fahimce ni baibai. Amincewa ba ta hana bincike. Sayyidina Umar (RA) ya amince da gwamnoninsa, amma yana da Muhammadu ɗan Maslama da yake aikawa ya duba su. Da mutanen Kufa suka kai ƙarar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sahabin da aka yi wa bushara da Aljanna, Umar ya aika aka bi masallatai ana tambayar jama'a. Saboda haka shugaba ya shiga aji ya ga koyarwa, ya sa wani malamin ya sake duba takardun jarrabawa, ya buɗe wa ɗalibai ƙofar koke da ba za a tona su ba. Sharaɗin dai a yi wa kowa, a fili, da ƙa'ida ɗaya. Abin da ke kashe aiki shi ne shugaban da ke da 'yan kai rahoto a ɓoye, ya yanke hukunci kafin ya ji ta bakin mai shi. Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin aiki da shi, ta hana mu yawan zato da leƙen asiri da giba. Da za a yi aiki da surar nan a ofisoshinmu, da rabin rigingimun sun ƙare.

Tsakanin abokan aiki ma haka. Inda malamai suka amince da juna, ƙaramin malami zai iya cewa: "Yaya, ban gane wannan sabon tsarin ba, nuna mini," ba tare da tsoron a mai da shi abin dariya ba. Wanda ya yi kuskure zai faɗa da wuri a gyara. Inda babu amincewa kuwa, kowa ɓoye jahilcinsa yake, kowa ɓoye kuskurensa yake, a harkar lafiya kuma kuskuren da aka ɓoye shi ke kisa. Haka tsakanin malamin aji da nas ɗin da ke karɓar ɗalibai a asibiti. Idan wannan yana cewa wancan littafi kawai ya sani, wancan yana cewa wannan tsohon yayi ne, ɗaliba ce ke faɗawa a rami tsakaninsu.

MU FA?

Ni da kai, mai karatu, mu ne masu kiran wayar. Uba, kawu, mai unguwa, kansila, ɗan majalisa, har da mu masu rawani da ake turowa don ana jin nauyinmu. Da safe mu matsa wa malama ta sa hannu, da yamma mu zauna a majalisa muna zagin ma'aikatan asibiti ba su iya aiki ba. Wa ya kai su?

Aya ta 85 ta Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu: mai kyau, wanda mai yin sa ke da rabo a ladansa, da mummuna, wanda mai yin sa ke da kaso a zunubinsa. Usama ɗan Zaidu (RA) masoyin Annabi (SAW) ne, amma da aka tura shi ya nema wa matar nan Bamakhzumiya sassauci a kan haddi, fuskar Annabi ta canza, ya nuna cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale mai gata da hukunta mara gata. A makarantunmu ma haka abin yake tafiya: 'yar mai hanya ta wuce ba ta iya ba, 'yar talaka da ta iya ta rasa gurbi.

Ceto mai kyau yana nan, ƙofarsa a buɗe. Ka biya wa yarinya kuɗin maimaita zango. Ka saya mata littafi da abin awon jini ta riƙa gwaji a gida. Ka roƙi malama ta ƙara mata lokaci bayan an tashi. Idan kana ganin an zalunce ta ne, ka bi hanyar da doka ta tanada a sake duba takardarta. Abu ɗaya ne babu hali: a ce ta iya alhali ba ta iya ba.

Ku kuma ɗalibai, 'ya'yana, aikin da kuka zaɓa yana da asali mai daraja. Rufaida Ba'aslamiya (RA) tana da tanti a masallacin Annabi (SAW) inda take jinyar waɗanda aka ji wa rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Ausawa, a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta Annabi ya sa aka kwantar da shi don ya riƙa duba shi daga kusa. An ba ta wannan babban mutum ne don an san ta da iyawa da amana. Malamin da ya dawo da ke baya don ki ƙara koyo, ki yi masa addu'a. Ya tsare ki ne daga ranar da za ki tsaya a kan gawa kina cewa da na sani.

Dattijon nan da na fara da labarinsa, mun koma mun zauna da shi da wasu 'yan uwa, aka haɗa abin da ya sawwaƙa don yarinyar ta maimaita. Tana can tana karatu. Ku sa ta a addu'a, ku sa malamarta, ku sa surukarsa da ke jiran haihuwa.

Ya Allah Ka sa mu cikin masu tsare amana da alƙawari. Ka ƙarfafi malaman da ke tsayawa a kan gaskiya, Ka ba su shugabanni masu tsaya musu, Ka sanya albarka a cikin abin da suke samu. Ka shiryi masu ha'inci a cikinmu. Ka sauki masu juna biyu lafiya, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka jiƙan iyayenmu mata da suka rasu a kan gwiwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.